Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Yadda Matasan Masu Binciken Lafiya Za Su Nemi Ƙaramin Taimakon Kuɗi

A kowace shekara jami'o'in ƙasar nan sukan yaye ɗaruruwan likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu haɗa magunguna, da masana ɗakin gwaje-gwaje. Da yawa daga cikinsu, in sun shekara biyu ko uku suna aiki, sukan lura da wani abu da littattafan da suka karanta ba su yi bayaninsa ba. Wani ya ga maganin da ake ba yara ya daina ci kamar da. Wata ta lura matan wani ƙauye sukan zo awon ciki sau ɗaya, daga nan ba a sake ganinsu sai haihuwa ta zo da gardama. Irin waɗannan tambayoyi su ne tushen kowane binciken lafiya, amma galibinsu a bakin mai su suke mutuwa, domin babu kuɗin mota, babu na takarda, balle na sayen kayan gwaji.

Alhali kuwa akwai hukumomi, a gida da waje, waɗanda suka ware kuɗi musamman domin wanda bai taɓa samun taimakon bincike da sunansa ba. Kuɗin ba su da yawa, kuma ba a yi su don su yi yawa ba. Iri ne ake ba mutum a ga yadda zai shuka, in ya yi kyau a ba shi gona. Abin takaici shi ne yawancin takardun neman wannan taimako sukan faɗi tun a zagayen farko, kuma dalilin kusan ɗaya ne: mai nema ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfin kuɗin, ya fi ƙarfin lokacin, ya kuma fi ƙarfinsa shi kansa.

ABIN DA 'YAN FAM KAƊAN SUKA YI

Wanda ke raina ƙaramin taimako ya kamata ya ji labarin Denis Burkitt, wani likitan fiɗa mutumin Ayalan wanda ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda. A 1957 aka kawo masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura ta kowane gefe, ba da jimawa ba kuma ya sake ganin wani mai irin wannan ciwo. Ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti, a 1958 ya buga bayanin yara 38. Da ɗan taimakon da bai wuce 'yan fam kaɗan ba ya buga takardu masu hoton ciwon, ya aika wa asibitoci a sassan Afirka ta gidan waya, da tambaya guda ɗaya: kuna ganin wannan ciwo a wurinku?

A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 cikin mako goma, suka ziyarci asibitoci fiye da hamsin a gabashi da kudancin Afirka. Duk kuɗin tafiyar bai kai fam dubu ba. Abin da suka gano shi ne ciwon yana bin ƙasa mai zafi da ruwan sama, ba safai ake ganinsa a kan tuddai masu sanyi ba, watau yana bin inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga tsokar da Burkitt ya riƙa aika wa London ne Anthony Epstein da abokan aikinsa suka gano wata ƙwayar bairas a 1964, wadda ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A Badun kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi aiki a kan warkar da wannan ciwo da magani, har a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar girma ta Lasker tare da Burkitt.

Ba sai an je Yuganda ba ma. A Zariya, cikin shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, jiki ya kumbura, numfashi yana sarƙewa. Davidson da Parry suka bi mata 224, a 1978 suka buga abin da suka gani, inda suka danganta yawan ciwon da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Babu wata na'ura mai tsada a cikin wannan aiki. Ido ne, da littafin rajista, da haƙurin bin marar lafiya har a ga ƙarshen al'amarinsa.

INA AKE SAMUN KUƊIN?

A gida, babbar ƙofa ita ce TETFund, watau asusun taimakon manyan makarantu wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilmi da aka soma a 1993 da harajin kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni. Asusun yana da tsari biyu. Akwai ƙaramin taimako da ake nema ta hannun kwamitin bincike na makarantar da mutum ke koyarwa, akwai kuma babban asusun bincike na ƙasa wanda ake gasa a kansa daga ko'ina cikin Nijeriya. Sabon shiga da na farkon ya kamata ya soma. Da yake na malaman makarantun gwamnati ne, ma'aikacin asibitin da ba ya koyarwa sai ya haɗa kai da wani malami su nema tare.

A waje kuwa, akwai tsohuwar ƙungiyar nan ta Ingila mai nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi, wadda ake taƙaita sunanta da RSTMH, aka kuma kafa ta a 1907. Takan ba sababbin masu bincike har fam 5,000 domin aikin da za a gama cikin shekara guda, ba tare da la'akari da ƙasar da mutum ya fito ba, kuma 'yan Nijeriya da dama sun samu. Akwai shirin TDR da aka kafa a 1975 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda lokaci-lokaci yakan haɗa kai da ofishin hukumar na Afirka da ke Birazabil ya ba da ƙananan taimako a kan cututtukan da suka fi damun talakawa. A 2008 kuma Gidauniyar Gates ta soma wani shiri inda takardar nema shafi biyu ce rak, wanda ya ci a ba shi dala 100,000, in aikin ya yi armashi ya iya neman har dala miliyan ɗaya. Wannan tsari na ƙarami da farko, babba daga baya, shi ne kusan duk masu ba da taimako suke bi.

Sai dai ƙa'idojin waɗannan hukumomi sukan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka tilas ne mai nema ya karanta sanarwar bana da kansa, daga farko har ƙarshe, kada ya dogara da abin da wani ya gaya masa game da ta bara. Haka kuma abin da ya faru a 2025, sa'ad da gwamnatin Amurka ta yanke kuɗaɗen agaji da na bincike da take kashewa a ƙasashen waje, ya isa ya koya wa kowa kada ya tsaya a bakin ƙofa ɗaya.

MENE NE BINCIKEN SHARE FAGE?

A nan ne akasarin masu nema suke tuntuɓe. Binciken share fage ba a yinsa domin a tabbatar cewa magani kaza yana warkarwa, domin mutum talatin ko arba'in ba su isa a yanke irin wannan hukunci a kansu ba. Ana yinsa ne domin a san ko babban binciken zai yiwu, da yadda za a yi shi. Kamar mai shirin haƙa rijiya ne da zai fara tona ɗan rami ya ga irin ƙasar kafin ya tara ma'aikata.

Alal misali, a ce wata ma'aikaciyar jinya ta damu da yadda ba a gane yaro yana da amosanin jini, watau sikila, sai ciwo ya kwantar da shi. Damuwarta tana da tushe, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda ake haifar jarirai fiye da 100,000 da ita kowace shekara. Tun 1986 kuma wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba irin waɗannan yara fenisilin kullum tun suna ƙanana yana rage kamuwa da wata muguwar ƙwayar cuta da kashi 84 cikin ɗari. Ke nan gane ciwon da wuri yana ceton rai.

To, in ta rubuta cewa za ta rage mutuwar masu sikila a Nijeriya, takardarta ta faɗi, domin fam 5,000 ba za su yi wannan ba. Amma in ta ce za ta gwada ko zai yiwu a riƙa ɗiban ɗigon jini daga diddigen jarirai a ranar allurar rigakafi, a ƙananan asibitoci uku na ƙaramar hukuma ɗaya, cikin wata shida, to ta kama hanya. Tambayoyinta a fili suke. Cikin iyaye mata ɗari, nawa za su yarda? Nawa za su ce sai sun tambayi maigida, kuma nawa ne daga cikinsu za su dawo? Minti nawa gwajin zai ƙara wa ma'aikacin da layi ya riga ya yi wa yawa? Kayan gwajin za su jure zafin bazara a ɗakin da babu firij? In aka ce wa uwa ɗanta yana da cutar, za ta kai shi babban asibiti, ko kuɗin mota zai hana ta?

Kowace amsa a cikin waɗannan tana da amfani, har wadda ba ta yi daɗi ba. In aka tarar rabin matan ba sa dawowa, an gano ramin da babban bincike na miliyoyin naira zai faɗa ciki, an kuma gano shi da araha. Game da yawan mutanen da za a ɗauka, masanan ƙididdiga sun bambanta, wasu sun ce 12 a kowane rukuni sun isa share fage, wasu sun ce 30. Abin da ake bukata shi ne mai nema ya faɗi dalilin adadin da ya zaɓa, ya kuma nemi shawarar masanin ƙididdiga tun kafin ya rubuta, ba bayan ya gama tara bayanai ba.

YADDA AKE RUBUTA TAKARDAR

Ya kamata mai nema ya tuna da wanda zai karanta takardarsa. Galibi wani malami ne mai aikin kansa, wanda aka tara wa takardu da yawa ya duba cikin 'yan kwanaki, mai yiwuwa kuma bai taɓa taka ƙasar nan ba. In ya karanta sakin layi na farko bai gane abin da ake son yi ba, da wuya sauran shafukan su ceci takardar. Saboda haka taƙaitaccen bayanin da ke sama shi ya fi cancantar a ɓata masa lokaci: mece ce matsalar, me aka riga aka sani, me ya rage ba a sani ba, me za a yi, a ina, da su wa, cikin wata nawa.

Manufa ɗaya ta isa, in ta yi yawa biyu. Kowace manufa kuma a bi ta da hanyar da za a cim mata, dalla-dalla. In za a yi amfani da takardar tambayoyi, a faɗi wanda zai fassara ta zuwa Hausa ko Fulatanci ko Yarbanci, da wani dabam da zai sake mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta kauce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalma kamar "shawara" ko "rana" ko "sanyi" a bakin marar lafiya tana ɗauke da ciwo iri-iri waɗanda likita ke rarrabewa. In mata za a yi wa tambayoyi a cikin gidajensu, a faɗi cewa mata ne za su shiga, an kuma nemi yardar mai unguwa ko dagaci.

Jadawalin aiki ma tilas ya bi yanayin ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro a arewa da damina yake tashi, sanƙarau kuwa da rani da bazara. Wanda kuɗinsa ya iso a watan Nuwamba alhali zazzaɓi yake son ƙirgawa, to zai jira wata bakwai ko takwas. Da azumi mutane da yawa ba sa son a ɗebi jininsu da rana, da damina kuma wasu hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa. Yajin aiki ma abin lissafi ne, domin na malaman jami'a a 2022 ya kai wata takwas. Mai dubawa in ya ga an yi tanadin irin waɗannan abubuwa, ya san da wanda ya san wurin yake magana.

Daga nan sai jagora. Kusan duk masu ba da ƙaramin taimako sukan bukaci sunan wani babba da zai sa ido a kan aikin, da wasiƙarsa. Farfesan da ya yi suna amma ba a ganinsa sai a taro bai kai malamin da zai zauna ya karanta takardar da jan biro ba. A ba shi ita da sauran mako uku ko huɗu, a kuma ba wani wanda ba fanninsa ba ne ya karanta. Duk inda ya tsaya ya ce bai gane ba, nan ne gyara yake.

KASAFIN KUƊI

Kasafi shi ne madubin takarda. Duk abin da aka ce za a yi a cikin bayani, a ga kuɗinsa a kasafi, duk abin da ke cikin kasafi kuma a ga aikinsa a bayani. A rubuta farashi na gaskiya bayan an tambayi masu sayarwa: kayan gwaji guda nawa a kan nawa, man mota na tafiya nawa, alawus ɗin mataimaka na kwana nawa, man janareta, kuɗin motar da za a mayar wa waɗanda suka zo. Wanda ya ware rabin kuɗin domin sayen kwamfuta ko halartar taro a Turai ya riga ya nuna wa mai dubawa inda zuciyarsa take. Yawancin waɗannan hukumomi ma sukan jera abubuwan da ba sa biya.

Sauyin darajar kuɗi wani tarko ne. A farkon 2023 ana canza dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da ɗoriya, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wanda ya yi kasafinsa da naira a wancan lokaci, alhali kayan gwajinsa daga waje ake shigo da su, ya ga kuɗinsa sun narke kafin ya soma. Dabara ita ce a sayi kayan waje da zarar kuɗi sun shigo, gwargwadon yadda za su ajiyu. Haka kuma, da yake akasari ta asusun makaranta ko asibiti kuɗin ke biyowa, ya kamata mai nema ya je ofishin ma'aji tun kafin ya aika takarda, ya ji yadda kuɗin waje ke shiga da yadda ake fitar da su. A shekarun da suka biyo bayan 2015, sa'ad da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, malaman jami'a sun sha kokawa a kan jinkirin fitar kuɗin bincike.

IZININ KWAMITIN ƊA'A

Babu binciken da ya shafi jikin mutum ko asirinsa da ya halatta a soma sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince, komai ƙanƙantarsa. Ƙasar nan ta san dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200. Yara 11 suka mutu, biyar cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba wanda aka kwatanta shi da shi. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan al'amari ya shuka yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da wasu jihohin arewa suka dakatar da allurar shan inna a 2003.

A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ƙarfafa matsayin kwamitin ƙasa mai kula da su. Asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da nasu kwamitocin. Samun izini yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, akwai kuma kuɗin da ake biya, saboda haka a sa duka biyu cikin lissafi. Takardar neman yarda a rubuta ta da harshen da mutane ke ji, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida, a kuma gaya masa ƙarara cewa in ya ƙi ba za a hana shi magani ba.

BAYAN AN AIKA

Masu nema sun ninka waɗanda ake ba sau da yawa, don haka rashin samu a karon farko ba abin kunya ba ne. In an aiko da ra'ayin masu dubawa, a karanta shi da sanyin zuciya, a gyara, a sake nema ko a kai wata ƙofa. Takardar da aka gyara sau biyu ta fi sabuwa ƙarfi.

Wanda ya samu kuwa, ya sani amana ya karɓa. Ya adana kowane rasiɗi, ya aika rahoto a kan kari, in wani abu ya tilasta sauya tsari ya sanar da masu kuɗin kafin ya sauya. Ya buga sakamakon ko da bai zo yadda ya so ba, ya kuma yi hattara da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da dubawa ba, domin suna a cikinsu yana rage daraja. Sa'an nan ya koma wurin mutanen da suka ba shi jininsu da lokacinsu ya gaya musu abin da aka gano. Wanda ya yi haka, in ya zo neman babban taimako, yana da abu uku a hannu: alƙaluman da ya tara da kansa, takardar da ya buga, da shaidar cewa an ba shi kuɗi ya riƙe su da gaskiya.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukuma. Tun 1990 wani kwamitin duniya ya ba ƙasashe masu tasowa shawarar su ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suke kashewa a kan lafiya domin bincike, aka sake jaddada haka a taron Bamako na 2008. Babu abin da zai hana ma'aikatar lafiya ta kowace jiha, ko asibitin koyarwa, ko ma attajiran da ke gina asibitoci su raba magani, su ware abin da zai ishi matasa goma yin irin wannan aiki kowace shekara, a yi gasa a fili, a ba wanda ya cancanta. Kuɗin duka ba za su kai na motar ofis guda ɗaya ba. Muddin daga waje kaɗai kuɗin bincike ke zuwa, to daga waje za a riƙa zaɓar tambayoyin da za a yi a kan cututtukanmu, matasan da suka ƙware kuma can za su bi kuɗin. Kafin hukuma ta motsa dai, matashin da ke da tambaya ya zauna ya rage ta har ta zama wadda zai iya amsawa cikin shekara guda, ya nemi jagora, ya rubuta, ya aika.